Neman shawara: kocin 'yata yana so ta bar gida saboda wasan zamiya a kan ƙanƙara

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni mutumin zangon Kumasi ne, na shekara 16 a lardin Brescia da ke arewacin Italiya, ina aiki a wata masana'antar narka ƙarfe, kuma a nan aka haifi 'ya'yana uku. Maganar da ta kawo ni a kan babbar 'yata ce, mai shekara 12, wadda take wasan zamiya a kan ƙanƙara, irin wanda ake yi da kiɗa, ana tsalle ana juyi a kan takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasansa. Ta fara tana da shekara shida, bayan makarantarsu ta kai su filin ƙanƙara sau ɗaya, kuma tun daga ranar ba ta sake barin maganar ba har sai da muka rubuta sunanta a wata ƙungiya.

Yanzu tana atisaye kwana shida a mako, wasu ranakun kafin makaranta, don haka nakan yi sallar asuba in ɗauko ta tana gyangyaɗi a mota, in zauna a kan benci mai sanyi da shayina a gora har ta gama. A watan jiya ta sauka daidai a tsallen da suke kira Aksel biyu, wanda shi kaɗai ne ake tashinsa ana fuskantar gaba, shi ya sa yake da juyi biyu da rabi a sama. Wata takwas ta yi tana faɗuwa a kansa, har ƙugunta na dama ya yi baƙi, uwarta tana gasa mata da ruwan ɗumi da dare. Ranar da ta sauka na ji ƙarar ƙarfen sau ɗaya tak a kan ƙanƙara, babu gurza, sai ta juyo tana neman fuskata a bayan gilashi tun kafin ta dubi kocinta.

Bayan wannan ne kocin ya zaunar da mu ya ce filin garinmu ya yi mata kaɗan, domin ana raba lokacinsa da 'yan wasan hoki, kuma ana rufe shi da bazara. Ya ba mu shawarar mu mayar da ita ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin horo, ko Bergamo ko Egna da ke kusa da Bolzano, kuma ya fi karkata ga Egna, inda za ta zauna a hannun wasu mutane ta riƙa zuwa gida ƙarshen mako. Uwarta ta ce atafau ba za ta yarda ba. Ni kuma zuciyata ta rabu biyu, domin ina tsoron in danne mata baiwar da Allah ya ba ta, ina kuma tsoron in sake ta tana ƙarama. Ga batun kuɗi, ga batun sutura yanzu da take girma, sannan har yau fasfon Ghana ne a hannunta da ni. Ina neman shawararku, musamman waɗanda suka san harkar.

Amsa daga wata uwa a Torino:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ɗana ya yi wannan wasa shekara tara kafin ya bari, saboda haka na san wannan bencin da kake faɗa. Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne cewa lokaci bai ƙure maku ba, ko da koci ya nuna maka kamar gobe za a rufe ƙofa. A watan Yunin 2022 hukumar wasan ta duniya, wato ISU, ta ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17, kuma tun kakar 2024 zuwa 2025 babu wadda za ta shiga sai ta cika 17 kafin 1 ga Yuli. An yi haka ne saboda an ga yadda ake matsa wa 'yan mata ƙanana su yi manyan tsalle kafin jikinsu ya gama ginuwa, su yi tashe shekara ɗaya ko biyu, sannan su ɓace da ciwon baya ko na ƙugu. Matakin matasa na duniya yana farawa ne daga shekara 13. Ke nan 'yarka tana da shekara biyar a gabanta kafin a fara maganar gasar manya, kuma a cikin waɗannan shekarun ne tsawonta da nauyinta za su canza, har tsallen da ta iya yau ya iya kuɓuce mata ta sake koyonsa. A irin wannan lokacin yarinya ta fi buƙatar uwarta a kusa fiye da ƙarin awa biyu a kan ƙanƙara.

Na san za a kawo maka misalin Carolina Kostner, wadda ta bar gida a 2001 tana da shekara 14 ta koma Oberstdorf a Jamus, daga baya ta zama zakarar duniya a 2012, ta ci tagulla a Olamfik na Sochi a 2014, ta kuma ci kambun Turai sau biyar. Gaskiya ne, amma ka dubi gidan da ta fito: uwarta ta yi wannan wasa, ubanta ya buga wa Italiya hoki, kuma ta tashi a yankin da ake jin Jamusanci, don haka iyayenta sun san abin da za su tambaya da abin da za su ƙi. Mu ba mu gaji wannan ba. Ni dai a ganina Bergamo ta ishe ku, tunda tsakaninta da Brescia bai wuce kilomita 50 ba. A can ake horar da Sara Conti da Niccolò Macii da suka ci kambun Turai na masu wasa biyu-biyu a 2023, a can kuma Nikolaj Memola ya samu horo, wanda ya lashe gasar ƙarshe ta matasa a nan Torino a Disambar 2022. Wurin da ya fitar da waɗannan ba zai gaza wa yarinya 'yar shekara 12 ba.

Amsa daga wani ɗan'uwa a Milan:

Malam, ni ban san tsalle ba, amma na daɗe ina taimaka wa mutanenmu da cike takardu, kuma layin ƙarshe na rubutunka ne ya fi tayar min da hankali. Haihuwa a Italiya ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa. A ƙarƙashin doka mai lamba 91 ta 1992, wanda aka haifa a nan yana iya nema ne idan ya cika 18, cikin shekara ɗaya, matuƙar ya zauna bisa doka ba tare da yankewa ba. Amma kai ka wuce shekara goma da ake buƙata, kuma idan ka samu, 'ya'yanka ƙanana da ke zaune tare da kai suna samu ta dalilinka. Ka lura da wannan sharaɗin na zama tare, domin ya shafi maganar tura ta wani gari kai tsaye. Kada ka canza mata adireshi a rajistar ƙaramar hukuma sai ka tambayi masana. Takardar tana ɗaukar shekara biyu zuwa uku kafin ta fito, kuma Ghana ta yarda da riƙe fasfo biyu, don haka ba ka rasa komai.

Doka ta 2016 ta ba yara baƙi da suka zauna a nan tun kafin su wuce shekara goma damar rajista a hukumomin wasanni kamar kowa, shi ya sa ba ku ga matsala ba har yanzu. Matsalar tana gaba. ISU tana barin mazaunin ƙasa ya wakilce ta bisa wasu sharuɗɗa, amma Olamfik sai da fasfo: Charlène Guignard, haifaffiyar Faransa, ta yi wa Italiya wasa shekaru kafin ta samu zama 'yar ƙasa a 2013, sannan ta je Sochi. Haka kuma 'yan wasan Italiya da yawa suna samun albashi ne ta ƙungiyoyin wasanni na jami'an tsaro, kamar Fiamme Oro ta 'yan sanda da Fiamme Azzurre ta ma'aikatan gidan yari inda Kostner ta kasance, kuma ba a shiga waɗannan sai ɗan ƙasa. Ka fara da wannan a makon nan.

Amsa daga wani dattijo a Vicenza:

Ɗana, zan faɗa maka abin da wataƙila ba za ka so ji ba. Ina tare da matarka ɗari bisa ɗari a kan cewa yarinya mai wannan shekaru ba ta kwana a gidan da ba ku san tarbiyyarsa ba, ko da zinare ake rabawa a can. Bayan wannan kuma ina so ka tambayi kanka inda hanyar za ta kai, domin kayan da nake gani ana sawa a wannan wasa ba su dace da 'yar musulmi da ta fara girma ba. Gara ka yanke hukunci yanzu da ka bari sai abin ya shiga jininta sannan ka ce za ka raba ta da shi.

Amsa daga wata ma'aikaciyar gashin ƙashi a Verona:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka a kan kwana a gidan wasu gaskiya ce, amma batun sutura yana da mafita. Tun 2004 doka ta bar mata su yi gasa da wando, kuma babu abin da ya hana dogon hannu da rufaffen wuya. Zahra Lari ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi gasa da ɗankwalinta a Canazei, nan cikin Italiya, a 2012. Alƙalai sun rage mata maki a ranar, amma ba ta cire ba, kuma ta ci gaba da shiga gasannin duniya a haka. Game da shiga jini kuwa, yarinyar da ta faɗi wata takwas a kan tsalle ɗaya ba ta bari ba, abin ya riga ya shiga.

Yaya, kai kuma ina so ka koyi karanta takardar maki da ake fitarwa bayan kowace gasa, domin ita za ta gaya maka gaskiyar da koci zai iya sassautawa. Kowane tsalle yana da tushen makinsa: Aksel biyu 3.3, Salko uku 4.3, Luts uku 5.9, Aksel uku 8.0. Alƙalai suna ƙara ko rage daraja daga 5 zuwa ƙasa da sifili da 5 gwargwadon kyawun yi, akwai alamar da ake sawa idan juyin bai cika ba, kuma a matakin matasa faɗuwa tana cin maki ɗaya. 'Yan matan da ke gaba a gasar matasa ta duniya suna yin tsalle masu juyi uku iri-iri, har suna haɗa biyu a jere. Aksel biyu a shekara 12 alama ce mai kyau ƙwarai, amma ƙofa ce kawai, kuma daga ita zuwa juyi uku ne yawancin yara suke tsayawa.

Abin da nake gani a wurin aiki shi ne ya sa nake roƙonka ka sa ido. Yara masu wannan wasa suna zuwa mana da ciwon ƙasan gwiwa, da tsagewar ƙashin ƙafa ko na baya saboda maimaita sauka a kan ƙafa ɗaya, kuma mafi yawansu sun ɓoye ciwon makonni don kada a hana su gasa. Takardar likita ta shekara-shekara da dokar Italiya ta wajabta wa 'yan gasa tana duba zuciya da numfashi, ba za ta gano yarinyar da ta fara rage cin abinci a ɓoye ba. Duk cibiyar da za ku je, ka tambaye su sau nawa yaro yake tsalle a rana, ko suna auna nauyin yara a gaban juna, ko an yarda iyaye su kalli atisaye, da kuma abin da suke yi idan yarinya ta ce ƙafarta na ciwo mako ɗaya kafin gasa. Idan suka ji haushin tambayoyin, ka samu amsarka. Kuma idan takalmin ya fara lanƙwasa a wajen idon sawu, a canza shi ko da bai matse ta ba.

Amsa daga wani malamin makaranta a Bergamo:

Ɗan'uwa, ni makaranta zan ƙara. Karatu wajibi ne a nan har shekara 16, kuma idan ta shiga babbar sakandare akwai shirin ma'aikatar ilimi na ɗalibai 'yan wasa, wanda yake ba da damar daidaita ranakun jarrabawa da na gasa ga waɗanda suka kai matakin da aka gindaya. Ƙasa ba ta tura fiye da mata uku zuwa gasar duniya, sau da yawa ma ɗaya ce ko biyu, alhali masu nema suna da yawa, saboda haka kada ku ci bashi a kan wannan, kada kuma ƙannenta su rasa nasu haƙƙin. Idan kuka zaɓi Bergamo, jirgin ƙasa daga Brescia kusan awa ɗaya ne, kuma gidana yana buɗe idan wata rana atisaye ya kai dare, da sharaɗin uwarta ta zo tare da ita.

Mai tambaya ya dawo:

Allah ya saka maku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa uwarta dukkan amsoshin, daga baya muka kira yarinyar muka tambaye ta, abin da ya kamata mu yi tun farko. Ta ce tana so ta koyi juyi uku, amma ba ta so ta kwana inda ba ta jin muryar ƙannenta, kuma ta faɗa mana cewa gwiwarta ta hagu ta yi mako uku tana ciwo ba ta gaya wa kowa ba. Maganar Egna mun ajiye ta. Ranar Litinin zan kai ta a duba gwiwar, kuma ba za ta yi tsalle ba sai likita ya ce ta yi. Na kuma karɓi ranar ganin masu taimakon takardu, na aika Kumasi a nemo min takardar haihuwa da ta shaidar 'yan sanda.

Baba na Vicenza, na ji maganarka, kuma uwarta ta riga ta sayo yadi mai miƙewa, shuɗi mai duhu, za ta ɗinka mata riga mai dogon hannu da wando don gasar da ke tafe. Idan gwiwar ta warke za mu je Bergamo gwaji na kwana biyu a mako, sauran ranakun ta ci gaba da kocinta na gida. Abin da ya rage min shi ne yadda zan gaya wa wannan kocin, wanda ya shekara shida yana ɗaure mata igiyar takalmi tun ba ta iya ba, cewa mun ɗauki rabin shawararsa mun bar rabi. Yaya ta Torino, ke da ɗanki ya shekara tara a wannan wasa, da wane lafazi zan fara?