Wai a mafarki mutum ya fi yanke shawara daidai?

Abban Hanif: Salam jama'a, ku yi min alƙalanci. Abokina ya nemi mu haɗa jari mu buɗe shagon kayan waya, na yi istihara na kwanta, sai na yi mafarki ina ƙirga kuɗi suna zubewa cikin rijiya ina miƙa hannu ba na kaiwa. Gari na wayewa na kira shi na ce na fasa. Ni dai a ganina a barci mutum ya fi yanke shawara daidai, don a farke kunya da kwaɗayi na rufe maka ido, amma abin da ke can ƙasan zuciya ba ya ƙarya.

Maman Ilham: Abban Hanif tsakaninka da Allah, kafin ka kwanta ba ka da shakka a kan mutumin?

Abban Hanif: Akwai kaɗan Hajiya. Ba ya rubuta ciniki, komai a ka yake riƙewa.

Maman Ilham: Toh ai ka gani. Abin da ka kwana da shi a rai ne ya dawo maka da siffar rijiya.

Malam Tudun Wada: Bari in gyara wani kuskure tukuna wanda ya zama ruwan dare. Hadisin Jabir da ke cikin Bukhari ya koyar da istihara, raka'a biyu ba ta farilla ba sannan addu'a, babu inda aka ce sai ka yi mafarki. Ka yi addu'a, ka yi shawara da masana, ka nufi abin, in alheri ne Allah ya sauƙaƙe in ba haka ba ya juyar da kai. Kuma Manzon Allah SAW ya kasa mafarki uku, na bushara daga Allah, na tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci. Kai ta yaya ka tantance naka a ciki?

Kawu Direba: Malam a gafarce ni, amma kiran sallah fa? Ba a mafarki Abdullahi bin Zaid ya ji lafuzzan ba? Kuma ko Turawa sun yarda da abin nan, ɗana ya ba ni labarin wani masanin kimiyya Otto Loewi a Ostiriya da ya ga gwajinsa a barci har ya samu kyautar Nobel a 1936

Malam Tudun Wada: Haka ne Kawu, amma da ya farka wajen Annabi ya je, sai da Annabi ya tabbatar sannan ya ce a koya wa Bilal. Bai hau sama ya fara kira da kansa ba.

Anti Nas: Kawu labarin Loewi gaskiya ne amma a ƙarasa shi. Daren farko ya tashi ya rubuta a takarda, da safe ya kasa karanta rubutunsa, dare na biyu abin ya dawo, ƙarfe 3 ya tashi ya nufi ɗakin gwaji. Zuciyar kwaɗi biyu ya ɗauka, ya motsa jijiyar ta farko bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu ita ma ta rage bugu, nan ya nuna sinadari ne jijiya ke saki. Kuma shi da bakinsa ya ce tun 1903 tunanin ya taɓa zo masa, kuma ya yi shekaru yana aiki a fannin. Mafarkin ya haɗa masa abin da ya riga ya tara ne, gwajin shi ya yanke hukunci

Abban Hanif: To ai maganata kenan Anti, ƙwaƙwalwa na aiki kana barci.

Anti Nas: Tana aiki sosai, ban musa ba. A 2004 a Lubeck ta Jamus an ba mutane lissafi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya, waɗanda suka yi barci kafin su sake zama a kan lissafin sun gano ta fiye da ninki biyu na waɗanda ba su runtsa ba. Amma barci ne ya taimaka, ba wai sun ga amsar a mafarki ba. Kuma lokacin da aka fi yin mafarki mai ƙarfi, wanda ido ke motsi a rufe, sashen gaban ƙwaƙwalwa mai auna abu yana yin sanyi, sashen tsoro da fargaba kuma yana tashi, shi ya sa za ka ga kanka a makarantar firamare da gemunka kuma ba ka ga wani abin mamaki ba. Wlh ni abin yana damuna, na ga yarinyar da aka fasa aurenta saura sati biyu don gwaggon ango ta yi mafarkin maciji, har yau ba ta dawo daidai ba.

Kawu Direba: Wannan kam zalunci ne. Amma ni sau biyu ina fasa tafiyar dare saboda mafarki, kuma ban yi nadama ba.

Maman Ilham: Kawu fasa tafiya kai kaɗai ya shafa. Shi wannan akwai wanda ya saka rai, ƙila har ya kama shago.

Abban Hanif: Ya biya rabin haya ma. Har yanzu ina ganin mafarkin nan gargaɗi ne, amma na yarda ban faɗa masa ainihin dalilin ba. Gobe bayan la'asar zan same shi in ce in za mu yi to sai da littafin ciniki da shaidu biyu, in ji me zai ce.