Neman shawara: ta ina zan fara fahimtar wariyar launin fata a Amurka, kuma me zan iya yi a kai?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna zaune a Bronx, birnin New York. Ni da yarana muna da katin zama na dindindin, ba mu zama 'yan ƙasa ba tukuna. Babban ɗana yana shekara 15, ya fara tambayata abin da ya sa unguwannin baƙaƙe suka fi talauci, kuma 'yan sanda suka fi yawa a cikinsu, ni kuwa ba ni da amsa. Wasu mutanenmu cewa suke wannan rigimar baƙaƙen Amurka ce da Turawa, mu neman abinci ya kawo mu. Zuciyata ba ta yarda da hakan ba. Ta ina zan fara koyo? Kuma da dala 50 a wata, da Asabar ɗaya ko biyu, me zan yi mai amfani wanda ba zai jefa takardunmu cikin matsala ba?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam Maman Sadiq. Kada ki fara da bidiyon zage-zage da ake yaɗawa a waya, domin zai sa ki ɗauka wariya baƙar magana ce kawai daga bakin marasa tarbiyya. Wadda ta fi illa a rubuce take, cikin dokoki da takardun banki. Ki fara da taswirar unguwarku.

Ki nemi shafin Mapping Inequality na Jami'ar Richmond, kyauta ne. A tsakanin 1935 da 1940 wata hukumar gwamnatin tarayya mai suna HOLC ta zana taswirar birane sama da 200, ta raba unguwanni gida huɗu: kore, shuɗi, rawaya, ja. Ja na nufin "hatsari" ga mai ba da bashin gida. Harlem ja ce, Bedford-Stuyvesant ja ce, haka ma sassa da dama na kudancin Bronx. Kada ki tsaya kan launin. Ki danna unguwar, takardar da jami'in ya cike za ta fito, kuma a ciki akwai gurbin da ake rubuta yawan baƙaƙen da ke wurin. Ki zauna da Sadiq ku karanta tare.

Ga yadda abin ya yi aiki. Hukumar FHA, wadda aka kafa a 1934, ita ke tsaya wa bankuna idan mai bashin gida ya kasa biya, kuma ta ƙi tsayawa a unguwannin baƙaƙe. Sai banki ya ƙi ba da bashi. Wanda ba shi da bashi mai sauƙi bai sayi gida ba, ya ci gaba da haya. Bature ya sayi nasa a bayan gari, darajarsa ta ninka, ya jinginar da shi ya biya wa 'ya'yansa jami'a, ya bar musu gado. Sai a 1968 doka ta haramta wariya a harkar gidaje, amma ba ta mayar wa kowa abin da ya rasa ba. A binciken babban bankin Amurka na 2022, dukiyar matsakaicin gidan fararen fata ta kai kimanin dala 285,000, ta gidan baƙaƙe kimanin dala 44,900. Rabin amsar tambayar ɗanki ke nan.

Bayan wannan, shekaru kaɗan za ki riƙe don kada labarin ya rikice miki: 1865 aka soke bauta, amma gyaran tsarin mulki na 13 ya bar ƙofa ga aikin tilas a kan wanda kotu ta hukunta, 1896 Kotun Ƙoli ta halatta raba wuraren baƙi da fari, 1954 ta haramta hakan a makarantu, 1964 dokar 'yancin jama'a, 1965 dokar kare 'yancin zaɓe, wadda Kotun Ƙoli ta karya wani babban ginshiƙinta a 2013.

Hajiya Rabi: 'Yar uwa, masu cewa ba ruwanmu su tuna da Amadou Diallo. Ɗan ƙasar Gini ne, Musulmi, ɗan tireda, neman abinci ya kawo shi kamar kowa. Ranar 4 ga Fabrairu 1999 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidansu a Soundview, nan Bronx, 19 suka same shi. Walat ce a hannunsa. Aka mayar da shari'ar Albany, aka sallame su duka a 2000. Babu wanda ya tambaye shi daga wace nahiya ya zo. Kuma dokar shige da fice ta 1965, wadda ta rushe tsarin fifita Turawa, a guguwar gwagwarmayar baƙaƙen ƙasar nan aka yi ta. Ta wannan ƙofar da yawa daga cikinmu muka shigo.

Asabar ɗinki ta farko, ku je African Burial Ground a Broadway, ƙasan Manhattan. Maƙabarta ce ta 'yan Afirka, bayi da 'yantattu, da aka gano a 1991 wajen haƙa ginin gwamnati. An tono gawa 419, aka sake binne su a 2003, ana kuma ƙiyasin mutum 15,000 ne a wurin. Shiga kyauta ne. Yaro zai gane cewa bauta ba a kudu kawai aka yi ta ba. Jihar New York sai 1827 ta gama soke ta. Ta biyu, cibiyar Schomburg a Harlem, mahaɗar titi na 135 da Malcolm X Boulevard, tana ƙarƙashin laburaren birni, ita ma kyauta.

Sannan ku duba rubutun hannun Omar ibn Said a shafin Library of Congress. Malami ne daga Futa Toro da aka sayar a Amurka, ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta a North Carolina, kuma da Suratul Mulk ya buɗe. Idan Sadiq ya yi makarantar allo, zai karanta layukan farko da kansa, da irin rubutun da ya saba gani.

Barista Nura: Maman Sadiq, bari in taɓa ɓangaren takardu, don a nan mutanenmu ke faɗawa rami da kyakkyawar niyya.

Kada ki yi rajistar zaɓe, kada ki kaɗa ƙuri'a, komai daɗin bakin mai riƙe da fom a bakin titi. Ga wanda ba ɗan ƙasa ba laifi ne da ke iya kai ga kora. Ki kula a ofishin lasisin tuƙi, akwai tambayar rajistar zaɓe a cikin fom, mutane kan cike ba su karanta ba. Dokar da birnin New York ya yi don masu katin zama su yi zaɓen birni, babbar kotun jihar ta soke ta a Maris 2025. Takardar kiran zama cikin masu taya alƙali yanke hukunci ma idan ta zo, ki amsa cewa ke ba 'yar ƙasa ba ce, kada ki jefar.

Zanga-zangar lumana haƙƙinki ce, amma ki san lissafin. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambaya ko an taɓa kama ki, ko da an sake ki ba tuhuma. Don haka ki je wadda aka shirya da rana, ki tsaya a gefen titi, kada ki shiga sahun masu tare gada ko hanya, kuma da an ce a watse ki tafi.

Shi kuwa Sadiq, ya haddace abu uku da Turanci: ya tambaya ko yana da izinin tafiya, ya ce bai yarda a caje shi ba, ya ce ba zai yi magana ba sai da lauya. Hannu a fili, ba gudu, ba zura hannu a aljihu sai ya faɗa tukuna. Ƙin yarda da caje da baki ake yi, ba da jiki ba. A 2011 'yan sandan birnin nan sun tare mutane sau fiye da 685,000, mafi yawansu baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka, kuma kusan tara cikin goma ba a same su da komai ba. A 2013 kotun tarayya ta ce yadda ake yin hakan ya saɓa wa tsarin mulki. An rage, ba a daina ba. Idan Allah ya kiyaye aka kai ga kotu, kada ya amsa ko ƙaramin laifi don "a gama a tafi gida" kafin lauya ya duba tasirinsa kan katinsa. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Padilla na 2010 wajibi ne lauya ya faɗa masa wannan. Kuma ya sani wiwi, duk da jihar ta halatta wa manya, a dokar tarayya haramun ce, ita kuwa hukumar shige da fice da dokar tarayya take aiki.

Anti Zulai: Maganar kuɗi. Dala 50 kada ki yanka ta gida biyar. Ki zaɓi ƙungiya ɗaya, ki sa a riƙa cira kowane wata har shekara. Kuɗin da aka san zai shigo shi ake ɗaukar ma'aikaci da shi. Wanda ke kwarara mako guda bayan wani kisa ya bazu a labarai, sannan ya ƙafe, wahalar tsarawa gare shi.

Kafin ki ba da ko sisi, ki sa sunan ƙungiyar a shafin binciken ƙungiyoyin agaji na hukumar haraji IRS, ki ga rajistarta na nan da rai. Wadda ta yi shekara uku a jere ba ta miƙa rahoto ba, ana soke mata. Sai ki buɗe fom 990 ɗinta, wato rahoton kuɗinta na shekara, ana samu kyauta a Nonprofit Explorer na ProPublica. Ki duba na shekara biyu ko uku: nawa ya shigo, nawa ya tafi ga aikin, nawa shugabanni ke ɗauka. Ki kula da masu ɗauko suna mai kama da na sananniyar ƙungiya, da masu cewa a tura ta asusun mutum ɗaya.

Wa za ki ba? Ya danganta da abin da ya fi ci miki rai. Idan shari'a ce, akwai Legal Defense Fund da Thurgood Marshall ya kafa a 1940, kuma asusunta daban yake da na NAACP, tsohuwar ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe, ko da yake tushensu ɗaya. Akwai Equal Justice Initiative a Montgomery, masu kare waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, su ne kuma suka tattara bayanan kisan gilla sama da 4,400 da aka yi wa baƙaƙe daga 1877 zuwa 1950. Ni a ganina na kusa ya fi miki: Bronx Defenders, lauyoyi masu kare marasa ƙarfi a kotu, ko kuma African Communities Together da BAJI, masu aiki kan baƙaƙen baƙi irinmu. Za ki iya zuwa taronsu ki ga inda kuɗinki ke tafiya. Ki ɗauke ta sadaka. Ko za ta shiga zakka, wannan sai malamai.

Yaya Sani: Duk na yarda, sai dai ban ga wanda ya taɓo namu ba. Ranar da maƙwabciyarki baƙar Amurka ta tambaye ki wa ya sayar da kakanninta, kada ki ce Turawa ne kaɗai. An yi cinikin bayi a kasuwanninmu, a Arewacin Najeriya sai 1936 doka ta gama soke bauta, a Nijar kuwa sai 2003 ta zama laifi a kundin hukunci, har kotun ECOWAS ta kama gwamnatin ƙasar da laifin rashin kare Hadijatou Mani a 2008. Faɗin gaskiyar nan ba ya wanke abin da Amurka ta yi, amma shi ke sa a saurare ki. Kuma a cikin gida, a daina cewa "su ai malalata ne" a gaban yara, a daina hana su abota da 'ya'yansu. Idan an je taronsu a zauna a ji, kada a fara da wa'azin yadda mu muka zo da akwati ɗaya muka yi arziki.

Maman Sadiq: Allah ya saka da alheri. To Barista, tunda zaɓe ya haramta mini, akwai inda muryata za ta shiga a hukumance? Kuma idan na ga ana cin zarafin wani a titi fa?

Barista Nura: Akwai, Hajiya. Bronx na da majalisun unguwa 12, zamansu a buɗe yake, kowa na iya yin rajistar magana, kuma zama mamba ba ya buƙatar zama ɗan ƙasa. Ofishin shugaban gundumar ake nema. A nan ake tattauna sabbin gine-gine da gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Kowane ofishin 'yan sanda na da zaman jama'a na wata-wata tare da kwamandansa. Akwai kuma ƙuri'ar rabon kuɗin ayyukan unguwa da wasu kansiloli ke shiryawa, wadda ko Sadiq zai iya kaɗawa, don daga shekara 11 ne kuma ba a tambayar takardu. Ita ba zaɓen 'yan siyasa ba ce. Kotun farko ta masu laifi da ke titi na 161 ma a buɗe take, ki zauna awa biyu ki ga su wa ake kawowa.

Idan kin ga cin zarafi, dokar jihar ta 2020 ta ba ki ikon ɗaukar bidiyo muddin ba ki tsoma hannu ba. Ki ja baya 'yan taku, ki riƙe wayar a kwance, ki faɗi rana da lokaci da sunan titi da bakinki, ki kamo lambar mota da ta ƙirjin jami'i. Kada ki yanke, kada ki gyara, kada ki ɗora a Facebook kafin wanda abin ya shafa ko lauyansa ya gani, don bidiyo na iya cutar da shi a kotu. Ki tura kwafi ga wani nan take. Ƙorafi kan ɗan sanda hukumar CCRB ake kai wa, ta lambar waya 311 ko shafinsu, kuma shaida ma na iya kaiwa. A gaggauta, domin wa'adin ladabtar da jami'i wata 18 ne, kyamarorin shaguna kuma kan goge nasu cikin 'yan kwanaki. Wanda zai kai birnin ƙara don diyya, kwana 90 kacal gare shi ya miƙa takardar sanarwa. Wariya a wurin aiki, kwana 300 ne a hukumar EEOC ga mazauna New York; ta gidan haya, shekara ɗaya a hukumar HUD ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta birni, kuma a adana duk saƙon da mai gida ko dillali ya turo.