Lalle ya rufe mini jijiyoyin gindin farce, me zan yi?

Assalamu alaikum, manyana a aikin likita. Ɗaliba ce ni a Yamai, ina haɗa kundin kammala karatu a kan ƙananan jijiyoyin jini na gindin farce ga masu ciwon gazawar zuciya. Sati uku ke nan na cije wuri guda.

Na san ƙa'idar duba jijiyoyin: mutum ya zauna minti 15 zuwa 20 a ɗaki mai zafin digiri 20 zuwa 25, a ɗiga mai a gindin farcen, a duba da madubin da ke ƙara girma sau 200, a bar babban yatsa. A hannun ƙawata na ga jijiyoyin ras, jere kamar ƙananan ƙugiyoyi, har na ƙirga 9 a milimita ɗaya.

Amma yawancin waɗanda nake dubawa mata ne, da yawansu zuciyar ta gaza ne bayan haihuwa, kuma sun sha lallen suna. Jiya wata baiwar Allah ta miƙo mini hannu, yatsun sun yi jajir har gaɓa ta farko, sai da ta huta kafin ta iya magana. Ban ga komai ba sai duhu. Ga hunturu ya busar da fata, man ma sai ya bi tsaga ya gudu.

To, yaya zan bambance ƙarancin jijiyoyi na gaske da wanda lalle ko duhun fata ya ɓoye? In jira farce ya tofo ne, alhali mai zuwa daga ƙauye ba lallai ta dawo ba? Don Allah wanda ya taɓa yi a fata irin tamu ya taimaka mini.