Widal ya nuna taifot: a fara shan magani ke nan?

Maman Hafsa, Garwa:
Salamu alaikum ma'aikatan lafiya na wannan zaure. A nan da zarar zazzaɓi ya kwana uku sai a je labo a yi gwajin jini na Widal, takarda ta fito da 1/160, a ce taifot ne, a sayo cipro, maganin antibiyotik. Bayan wata biyu a sake. Taifot ɗin ne ba ya jin magani, ko gwajin ne da matsala?

Malam Isa, ma'aikacin labo, Marwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yawanci gwajin ne. Widal ba ya ganin ƙwayar cutar, wato Salmonella Typhi. Garkuwar da jini ya haɗa don yaƙar ta yake aunawa, nau'in O da H. Wanda ya yi taifot bara, da wanda aka yi wa rigakafi, da wanda wata Salmonella daban ta shiga jikinsa, har mai zazzaɓin cizon sauro, duk lambarsu kan iya hawa. Mai taifot na gaske kuwa a makon farko yakan fito ba komai, domin jiki bai gama haɗa garkuwar ba. Gwaji ne na tun shekarar 1896, arha ce ta sa har yau ba a rabu da shi ba. In dole sai shi, a ɗebi jini sau biyu, kwana 10 zuwa 14 tsakani, a ga ko lambar ta ninka huɗu, misali daga 1/80 zuwa 1/320.

Abin da ke tabbatarwa shi ne shuka jinin. A goge fata sosai, a ɗebi mililita 8 zuwa 10 ga babba, a zuba a kwalbar abincin ƙwayoyi, a ajiye a ɗumin digiri 37 har kwana 7. In ta tsiro sai a gwada ta da magunguna a ga wanda ke kashe ta. Abin da ke ɓata aikin shi ne jini kaɗan, don ƙwayar ba ta da yawa a jini, sai kuma shan antibiyotik kafin a ɗeba. Tunda a Garwa kike, ki tambaya a cibiyar gwaje-gwaje ta Centre Pasteur.

Anti Zara, nas, Kusuri:
Ƙari kan na Malam Isa: a fara da gwajin sauro na yatsa, minti 15 zuwa 20 ne. Plasmodium, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba bakteriya ba ce, cipro ba maganinta ba ne, haka mura ma. Duk shan antibiyotik da aka yi ba dalili, ko aka tsaya a kwana na biyu don jiki ya yi sanyi, ƙwayoyin cuta masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai su hayayyafa.

Amma fa kar a raina taifot na gaske. A mako na uku yakan huda ƙarshen ƙaramin hanji. Ciki ya ɗaure tamau da ciwo mai tsanani, ko bayan gida ya yi baƙi, ko hankali ya fara gushewa, asibiti mai tiyata za a nufa a daren.

Alhaji Bukar, Njamena:
Hajiya, a duba ruwan gidan ma. Cikin ɗan Adam kaɗai ƙwayar taifot ke zama, ta bayan gida take fita ta koma baki. Kusan mutum 2 zuwa 5 cikin 100 da suka warke suna riƙe ta a matsarmama, suna yaɗawa ba su sani ba. A bar ruwan sha ya tafasa minti ɗaya cur, kuma kofin ɗiba daga randa ya zama daban da na sha.