Shin mu sare mangwaron tsakar gida ko mu bar shi saboda Baba?

Hajara, Aboabo:
Assalamu alaikum. Daga Kumasi ta ƙasar Ghana nake rubutu. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki wata biyar da suka wuce, kuma tun da aka sallame shi daga asibiti yake jinya a ɗakinsa, wanda tagarsa ɗaya ce tak, ita ma katangar maƙwabta take fuskanta. Na lura duk ranar da muka fitar da shi gindin mangwaron da ke tsakar gida bayan la'asar, yakan ci abinci sosai, ya yi hira da jikokinsa, ya kuma samu barci da daddare. To, yayyena sun yanke shawarar sare itacen domin a gina ɗakuna biyu na haya, saboda kuɗin magani ya yi mana nauyi. Ina neman masu sani su faɗa mini: akwai hujjar cewa zama kusa da itatuwa yana taimaka wa majinyaci, ko kuwa tausayi ne kawai yake sa nake ganin haka?

Malama Rabi, ma'aikaciyar jinya, Asawase:
Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Abin da kika gani ba ke kaɗai kika gan shi ba. A shekarar 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya wallafa nazarin da ya yi a kan majinyata 46 da aka yi wa tiyatar cire matsarmama a wani asibiti a Amurka. Rabinsu tagar ɗakinsu tana kallon itatuwa, sauran kuwa bangon bulo suke gani. Masu kallon itatuwan sun riga barin asibiti, ko da yake bambancin bai cika kwana guda ba, sun kuma buƙaci magungunan kashe zafi masu ƙarfi ƙasa da na 'yan uwansu. Nazarin ƙarami ne, kuma ba a kan shanyewar jiki aka yi shi ba, don haka kada ki ce wa yayyenki mangwaro magani ne. Amma a irin ciwon Baba, ƙuncin rai yana daga cikin abubuwan da suke hana majinyaci dagewa da motsa gaɓoɓi, kuma wanda yake da wurin da yake marmarin zuwa kullum yakan fi ƙoƙarin tashi daga shimfiɗa. Hasken rana da yake samu a waje shi ma yana daidaita lokacin barci. Ni dai da gidanmu ne, da na tsaya kai da fata a bar itacen.

Alhaji Sani, Alabar:
Malama ta yi magana mai kyau, sai dai a yi wa yayyen Hajara adalci. Inuwa ba ta biyan kuɗin magani, kuma wanda yake ɗawainiya shi ya san nauyinta. Ga kuma sauro, wanda kowa ya san yana fakewa a duhuwar ganye.

Malam Iliyasu, magini, Tafo Zango:
Alhaji, ranka ya daɗe, sauro a ruwan da ya kwanta yake hayayyafa, saboda haka gyaran kwata da rage rassa sun fi sare itace amfani. Shekara ashirin ina gini a zangunanmu, kuma na sha komawa gidajen da aka sare itacensu aka malale tsakar gida da siminti, in tarar ɗakunan sun zama tamkar tanda daga watan Fabrairu zuwa Maris, domin rana tana dukan kwano da bango ba tare da wani shamaki ba. Hajara, ki roƙi yayyenki su kira magini ya auna wurin tukuna. Wataƙila a iya fitar da ɗaki ɗaya a nesa da saiwoyin, ko a ɗora bene a kan tsohon ginin idan injiniya ya tabbatar harsashinsa zai ɗauka. Abin da ya fi gaggawa, kuma mai sauƙin kuɗi, shi ne a fasa wa ɗakin Baba babbar taga mai raga ta ɓangaren tsakar gida, a yi ta ƙasa-ƙasa yadda zai hangi ganye yana kwance, sannan a mayar da dokin ƙofa gangare domin kekensa na marasa lafiya ya riƙa fita ba sai an ɗaga shi ba.

Hajiya Mairo, Sabon Zango:
Ɗiyata, garin nan da muke ciki sunansa ma daga itace ya samo asali, domin Asantawa sun ce Kumasi na nufin ƙarƙashin itacen kum. A da birnin lambuna ake yi masa kirari, amma yau a unguwanninmu sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga inuwar da za ka tsaya ba. Ki tuna wa yayyenki hadisin da ya nuna cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, an rubuta masa sadaka. Amma kafin komai, shin an tambayi mai gidan? Yana raye, yana ji, yana gani.

Hajara, Aboabo:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Hajiya, wallahi babu wanda ya tambaye shi, har da ni. Yau bayan magariba na zauna kusa da shi na yi masa maganar, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya faɗa mini cewa marigayiya mahaifiyarmu ce ta dasa shi a shekarar da aka haifi babban yayanmu. Na kira Yaya a waya na gaya masa, ya ce a dakatar da mai sara, zai zo ranar Juma'a tare da magini.