Neman shawara: Aikin mutum uku ya dawo kaina, har aikin ya fita raina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana.

Shekarata biyar a ofishin lissafi na wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kakuri, cikin garin Kaduna. Da mu uku ne. Ɗaya ya samu aiki a Abuja, ɗayar ta yi aure ta bar gari, kuma ba a ɗauki kowa ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 maganar manaja ɗaya ce: a yi haƙuri, kasuwa ba daɗi. Yanzu ni ke karɓar rasit ɗin direbobi, ni ke shiga sito ƙirga kaya, ni ke haɗa albashi. Daga Rigasa nake fitowa bayan asuba, ba na komawa sai an idar da isha'i, har Asabar. 'Yata ta fara tafiya, a bidiyon wayar mamanta na gani.

Abin da ya tsorata ni ya faru makon jiya. Na rubuta katan 50 na taliya a inda ya kamata in sa 15. Da aka gano, wallahi ko a jikina. Ni da a da idan naira ɗari ta ɓace a lissafi ba na iya cin abinci sai na gano ta. Ni na roƙa aka mayar da lissafin sito cikin kwamfuta. Yau agogo kawai nake kallo. Shin lalaci ne ya kama ni? In ajiye aikin, ko yaya zan yi?

Ɗan Kawo: Ɗan'uwa, ka riƙe aikinka da kyau. Masu digiri nawa ke tuƙa keke napep a garin nan? Kana ajiyewa yau, gobe mutum ɗari za su kawo takarda. Haƙuri dai.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa: Ɗan Kawo, haƙurin da yake yi ne ai ya kawo shi nan. Ƙanena, ba lalaci ba ne, malalaci ba ya kai isha'i a ofis. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan yanayi a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya ji aikin ya fita ransa, sannan ingancin aikinsa ya ragu. Duk ukun ka lissafo da bakinka. Kuma a 2021 ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto cewa mai yin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin ɗari, idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Ƙirga naka awannin ka gani. Don Allah cikin satin nan ka je a auna maka jini.

Baba tsohon ma'aikacin masaƙa: Ɗana, a Kakurin nan na yi ƙuruciyata, lokacin masaƙu na aiki dare da rana. Injin ba ya tsayawa, amma mutum yana tashi, wani ya karɓe shi. Wanda ya zarce ya yi aikin wani kuwa, da safe a yadinsa ake gane shi, zare ya tsinke bai lura ba. Katan 50 ɗinka ke nan. Allah ya ba ka mafita.

Hajiya mai kula da ma'aikata, Unguwan Rimi: Bari in faɗa maka abin da ke ran manajanka, don kujerar nake kai. Duk wata albashi na fita, lissafi na zuwa teburinsa, to a wurinsa babu matsala, har ma ya rage albashin mutum biyu. Kai kake toshe ramin da lafiyarka, shi ya sa ba ya ganinsa. Kada ka shiga masa da "aiki ya yi min yawa", kowa haka yake cewa. Ɗauki sati biyu kana rubuta kowane aiki da lokacin da ya ci. Sai ka kai masa takardar cikin ladabi ka ce: ranka ya daɗe, ga abin da ke hannuna, wanne za a fara, wanne zai jira? Ka bar shi ya zaɓa. Ka haɗa da kuskuren taliyar, ka nuna masa kuɗin da kamfani ya kusa asara, domin wannan yaren suka fi ji. Ko ɗan bautar ƙasa aka ba ka ya riƙe rasit, ka samu sauƙi. Sannan ka duba takardar ɗaukarka aiki, me ta ce kan lokacin tashi da hutun shekara? Ina kyautata zaton ka daɗe ba ka je hutun ba. Neman wani aikin kuma ka fara shi tun yanzu, a natse, kana kan wannan.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na ƙirga, awa 70 ne da ɗoriya. Hajiya, kin canka, rabona da hutu shekara biyu. Na sayi ƙaramin littafi a kan hanya yau, na fara rubutawa tun ƙarfe bakwai da rabi. Kafin azahar shafi ɗaya ya cika.