Me ya sa rafin unguwarmu yake tumbatsa nan da nan?

Maman Ummi: Jama'a, da can sai an wuni ana ruwa kafin rafinmu ya kawo. Yanzu ruwan awa ɗaya sai ya tumbatsa, jawur, ledoji na yawo a kai. Kifi kuwa an daina gani. Abin yana damuna wallahi.

Ɗan Fadama: Hajiya, siminti da kwalta ne. An rufe ƙasar da take shanye ruwa, duk abin da ya sauka kan kwano sai ya bi kwata ya afka rafin lokaci guda. Fadamar da take riƙe shi ma an gine ta.

Baba Malam: Kifin kuwa numfashi ya rasa. Najasa in tana ruɓewa, cinye iskar cikin ruwa take.

Yaya Babba: Yana gyaruwa fa. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, gadar sama suka rushe, suka buɗe rafin Cheonggyecheon da ke ƙarƙashinta a 2005.